Malam Bello Kagara, Walin Katsina, da Zamanin da Ya Yi wa Hidima

Duk wanda ya shiga tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda a yau ya zama gidan adana kayan tarihi, abin da zai fara lura da shi shi ne kaurin bangon ƙasa da sanyin da ke cikin ɗakunan ko da a tsakiyar bazara, sa'an nan in ya ɗaga kai ya ga ɗaurin guga da azarar da maginan Katsina suka jera fiye da shekara ɗari da suka wuce. Galibin masu ziyara labarin ɗalibai suke tambaya, ina Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, ina Tafawa Ɓalewa ya kwana, kuma ba su yi laifi ba, domin waɗannan su ne duniya ta sani. Amma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin masu tambayar wanda ya tsaya a gaban waɗannan ɗalibai da alli a hannu, ya karantar da su Larabci da addini, ya tsawata musu, ya kuma zame musu uba a garin da ba su da kowa. Wannan shi ne Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya rayu daga wajen 1890 zuwa 1971, kuma tarihinsa nake nufin in bi daga tushe, gwargwadon abin da ya tabbata.

Kafin a fahimci abin da ya kawo shi Katsina, wajibi ne a san wace ce Katsina a fagen ilimi. Masu riwayar baka suna cewa Muhammadu Korau ya sami sarauta ne bayan ya ka da Sanau a kokawa, kuma suna danganta ginin masallacin Gobarau da zamaninsa. Wannan abin da ake faɗa ne, kaka da kakanni. Abin da ya tabbata a rubuce shi ne cewa Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Magili ya ratso ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15, ya sauka Kano da Katsina, kuma tun daga wannan lokaci birnin ya zama masaukin malamai da fatake masu ƙetaro Sahara da littattafai a cikin kayansu. A nan Wali Ɗan Marina ya yi zamani, a nan Wali Ɗan Masani ya karantar har ya rasu a 1667, kuma daga nan ne Muhammadu al-Katsinawi, masanin hisabi da taurari, ya tashi zuwa Makka da Misira, inda ya cika a Alƙahira a 1741. Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso, Ummarun Dallaje ya karɓi birnin a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, inda daga bisani suka kafa Maraɗi. Sarauta ta sauya hannu, amma zaurukan karatu ba su rufe ba.

Shi kuwa Malam Bello ba haifaffen Katsina ba ne. Zuriyarsu suna ruwaito cewa asalin kakanninsu Barno ne, malamai ne da suka yi ta tafiya yamma da kudu, suna sauka inda sarki ya buƙaci mai karantarwa ko mai yanke hukunci, har Allah ya zaunar da su a Kagara, wadda a yau take cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, shi ne alƙalin Kagara, garin da ke ƙarƙashin ikon Kwantagora, masarautar da Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa wajen 1864. Ke nan a gidan shari'a aka haife shi, inda bisa al'ada yaro yakan fara da allo da tawada, ya sauke Alƙur'ani, sa'an nan ya zauna a gefen buzun mahaifinsa ya ɗauki fiƙihu da nahawu da lugga, yana kuma kallon yadda ake sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya san wannan tushe ba zai yi mamakin cewa yaron ya ƙare rayuwarsa a kan kujerar alƙalanci ba.

Amma kafin nan sai da duniyar da aka haife shi a cikinta ta rushe a kan idonsa. Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya shelanta a Lakwaja cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Ingila, kuma a farkon 1901 sojojinsa suka faɗa wa Kwantagora. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, mai sarautar Kwantagora, ya fice da jama'arsa ya nufi ƙasar Zazzau, kuma bisa ga abin da masu tarihin Malam Bello suka kawo, iyayensa suna cikin waɗanda suka bi sarkin a wannan gudun hijira. Yana da kamar shekara goma sha ɗaya a lokacin, shekarun da yaro ba ya manta abin da ya gani: dawakai da jakuna da kaya a ka, mata da goyo, tsofaffi suna jan ƙafa, ga kuma labarin bindigar da ba ta jin ƙarfe ko laya yana biye da su. A 1902 Turawa suka kama Nagwamatse, daga baya suka mayar da shi kan gadonsa a 1903, a shekarar da Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, Katsina ta miƙa wuya ba tare da an zub da jini ba, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli, yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Na tsaya a kan wannan ne domin shekara talatin bayan haka wannan tafiya za ta dawo ta bakin alƙalamin Malam Bello.

A 1909 wani Bature mai suna Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda ƙwarewarsa a harshe da al'ada, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda ake koyar da 'ya'yan sarakuna da samarin malamai karatun boko da lissafi da labarin ƙasa cikin harshen Hausa. Ba da jimawa ba Malam Bello ya shiga cikin waɗanda aka kai can. Mai karatu na yau, wanda yake biyan kuɗi da hannunsa don a ɗauki ɗansa a makaranta, da wuya ya gane nauyin wannan mataki a wancan lokaci. Jama'a suna ganin boko tarko ne na Nasara, har wasu hakimai, in aka ce su kawo 'ya'yansu, sai su tura 'ya'yan bayinsu ko na barorinsu. Kuma tsoron nasu yana da hujja, tunda mutanen da suka zo da makarantar su ne suka zo da igwa jiya jiya. To, a ce ɗan alƙali, wanda ya riga ya yi nisa a karatun zaure, wanda kuma ya gudu daga waɗannan mutane da ƙafarsa, shi ne zai je ya zauna ya koyi rubutunsu daga hagu zuwa dama, wannan al'amari ne da ke buƙatar ƙarfin zuciya da natsuwar hankali. A ganina ya je ne da yaƙinin cewa wanda ya riƙe addininsa da ilimi ba ya tsoron kowane irin karatu, kuma duk rayuwarsa ta gaba ta zama shaida a kan wannan. Da ya gama, aka tura shi Zariya, inda ya fara aikin koyarwa a makarantar lardi.

A can Katsina kuwa al'amura sun ɗauki wani salo. A 1906 Turawa suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, na gidan Sulluɓawa, a kan gadon sarauta, kuma Allah ya yi shi sarki mai son ganin sabon abu da idonsa kafin ya yanke masa hukunci, har a 1921 ya yi aikin Hajji ya kuma ziyarci Ingila a tafiya ɗaya. A daidai wannan lokaci, bayan Yaƙin Duniya na Farko, gwamnati ta lura cewa makarantun larduna ba za su ci gaba ba sai da malamai 'yan ƙasa waɗanda suka sami horo mai zurfi, kuma ba ta son ta ɗauko su daga Kudu, saboda alkawarin da aka yi wa sarakuna na cewa ba za a taɓa addininsu ba. Da aka zo zaɓen mazaunin makarantar horon malamai, sai dalilai suka haɗu a kan Katsina: ga tsohon sunanta a ilimi, ga sarki mai maraba da abin, ga shi kuma tana nesa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar da ke biye da ita. Aka fara karatu a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya zo da kansa ya buɗe ta ranar 5 ga Maris 1922. Malam Bello yana cikin malaman da aka kawo tun farkon shekarunta, aka damƙa masa Larabci da addini.

Shugabancin Kwalejin a hannun Turawa yake, tun daga Bieneman wanda ya fara riƙe ta, kuma bisa tsarin wancan zamani ba a ba ɗan ƙasa wannan kujera. Su ne ke koyar da Turanci da lissafi da tarihi, su ne suka kawo wasan kurket da wasan ƙwallon bango da Sardauna ya riƙe har girmansa. Amma akwai wani shugabanci da ba a rubuta shi a takardar albashi, wato amanar iyaye. Hakimin da ke Bida ko Barno ko Bauci, wanda aka ce ya saki ɗansa shekara biyar a hannun Nasara, abin da ke hana shi barci shi ne ko yaron zai ci gaba da salla, ko zai riƙe azumi, ko zai dawo yana durƙusa wa manya. Babu Baturen da zai iya amsa masa wannan tambaya ya gamsu, komai kyawun niyyarsa. Wanda zai iya shi ne malami mai rawani, ɗan gidan malamai, wanda ya san Risala kamar yadda ya san haruffan boko, wanda in yaro ya yi wasa da alwala zai gani, in ya fara ɗaga hanci saboda ya iya Turanci zai sauke masa shi. Da babu irin su Malam Bello a cikin ginin nan, ina kyautata zaton da yawa daga cikin iyayen da suka daure suka ba da 'ya'yansu ba za su daure ba. Ta gabansa Kashim Ibrahim ya wuce, da Ahmadu Bello wanda ya shiga a 1926 ya fita a 1931, da Isa Kaita, da Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya yi daga 1928 zuwa 1933, da Aliyu wanda ya zama Makaman Bida, da Sa'adu Zungur.

Sai dai hujjar da ta fi ƙarfi a kan gaskiyar mutum ita ce abin da ya yi da nasa, domin da sauƙi malami ya yi wa 'ya'yan wasu nasiha a kan abin da ba zai yarda ya taɓa gidansa ba. A 1911 aka haifa wa Malam Shehu Usman wani ɗa a Kagara, aka sa masa suna Abubakar, wanda tsakaninsa da Malam Bello akwai kusan shekara ashirin da ɗaya. A 1922 yaron ya zo Katsina hannun wansa, ya shiga makarantar lardi. Duk Bahaushe ya san ma'anar riƙo: yaro ya bar ɗakin uwarsa ya koma gidan da za a ci da shi, a tufatar da shi, a tashe shi da asuba, a aike shi, a duba allonsa da daddare a gaban fitila, a hore shi in ya karkace, kuma in ya lalace a wuyan mai riƙon za a ɗora. Babban wa magajin uba, in ji Hausawa, kuma Malam Bello ya ɗauki wannan gado tun yana saurayin magidanci mai albashin malamin makaranta. A 1927 ƙanen ya shiga Kwalejin, ya zama ɗalibin wansa a aji bayan kasancewarsa ɗan riƙonsa a gida, ya fita a 1932 ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Wannan yaro shi ne Alhaji Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939. Idan muna yabon daɗin Hausar Imam da yalwar saninsa na labaran Larabawa, ya kamata mu tuna a gidan wa ya tashi, kuma wa ya buɗe masa littattafan.

A 1933 ne 'yan'uwan biyu suka haɗu a fage ɗaya. Rupert East, wanda ke kula da hukumar fassara da talifi a Zariya, ya lura cewa an koya wa mutane karatun boko amma ba su da abin karantawa na nishaɗi, sai ya zagaya manyan garuruwa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, a yi gasa. Abin bai zo da sauƙi ba, domin a wurin malamin wancan zamani alƙalami na ilimi ne da wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da daddare. Littattafai biyar aka zaɓa aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Malam Bello, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Mai karatu ya duba da kyau: a cikin biyar ɗin nan akwai malamin, akwai ƙanensa, akwai ɗalibinsa. Ƙagaggen labarin Hausa a rubutun boko, wanda yau ya cika kasuwanni daga Kano har Yamai, wani babban kaso na tushensa a ajin mutum ɗaya da zauren gidansa yake.

Ganɗoki kuwa ya cancanci a yi masa karatun natsuwa, domin a nan ne yaron nan na 1901 ya yi magana. Jarumin littafin barde ne da ya yaƙi Turawa tun daga ƙasar Kwantagora, ya ƙi miƙa wuya, ya bi masu hijira zuwa gabas shi da ɗansa Garba Gagare, sa'an nan labarin ya fita daga tarihi ya shiga duniyar aljannu da abubuwan al'ajabi, kafin jarumin ya komo gida ya tarar zamani ya sauya. Kashin farko an gina shi a kan abin da ya faru da gaske, da sunayen garuruwa da sarakuna na haƙiƙa. Kashi na biyu ƙirƙira ce tsantsa, kuma marubucin bai ɓoye haka ba. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne cewa ma'aikacin gwamnatin Turawa ne ya rubuta, Bature ne ya shirya gasar, hukumar Turawa ce ta buga, amma duk da haka waɗanda suka tsaya wa Turawa da mashi da takobi an nuna su a matsayin mazaje masu mutunci. Malam Bello ya karɓi boko, ya yi masa hidima da gaskiya, amma bai yarda a ce iyayensa da suka gudu da waɗanda suka faɗi a Burmi wawaye ba ne. Yara nawa ne a makarantun Arewa suka fara jin labarin zuwan Turawa daga bakin nasu ta hanyar wannan ɗan littafi? Allah kaɗai ya san adadinsu.

Kwalejin ba ta daɗe a Katsina ba. A 1929 aka ɗaga darajarta, a 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, a 1949 aka mayar da ita Zariya. Har yau in na tuna wannan ƙaura nakan ji cewa Katsina ta yi rashi, ko da yake dalilan kusanci da hedikwata da samun fili ba abin rainawa ba ne.

Malam Bello dai Katsina ta riga ta zama gida. Bayan ya ajiye alli, ya koma ga sana'ar mahaifinsa, ya zama babban alƙali a Hukumar En'e ta Katsina, daga bisani aka naɗa shi Walin Katsina, sarautar da ya riƙe a zamanin Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaji mahaifinsa Dikko a 1944. Ba ƙaramin abu ba ne birni mai tinƙaho da malamansa kamar Katsina ya miƙa shari'arsa ga mutumin da aka haifa a wata ƙasa. Wannan ya nuna irin yardar da ya samu a fada da cikin gari, ya kuma nuna karar da aka san Katsinawa da ita ga baƙon da ya zo da ilimi. Shi ma ya rama alheri da abin da ya fi iyawa, domin a 1951 kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga littafinsa na tarihin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda har yau masu binciken tarihin masarautar suke komawa gare shi, kasancewar marubucin ya zauna a birnin ya ga mulkin sarkin da idonsa.

Allah ya ja kwanansa har ya ga abin da ya shuka ya yi 'ya'ya. A 1954 Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa, a 1957 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Nijeriya, Isa Kaita ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Arewa, a 1960 aka sami mulkin kai, a 1962 Kashim Ibrahim ya zama Gwamnan Arewa, a shekarar kuma aka buɗe jami'a a Zariya. Yaron da ya ga shigowar Turawa yana gudu a bayan ayarin Nagwamatse, shi ne dattijon da ya ga fitarsu, kuma waɗanda suka karɓi ragama daga hannunsu yaran da ya koya wa i'irabi ne. Sa'an nan ya ga ɗaya gefen ƙaddara, ranar 15 ga Janairu 1966, sa'ad da aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Ikko aka kashe shi, a lokacin Malam Bello yana da kamar shekara saba'in da biyar. Bisa al'ada ɗalibi ne ke bin gawar malaminsa, kuma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san ɗacin da ke cikin juyewar wannan tsari.

Malam Bello ya rasu a 1971, yana da shekara tamanin da 'yan kai, a shekarar da aka sa wa tsohuwar makarantarsa sunan Kwalejin Barewa. Ƙanensa Abubakar Imam ya bi shi bayan shekara goma, a 1981, shekarar da Sarki Usman Nagogo shi ma ya cika. Ginin da ya koyar a ciki yana nan tsaye a birnin Katsina, ƙofarsa a buɗe ga mai son shiga. Ina roƙon malaman makarantunmu, in sun kai yara ziyara can, bayan sun lissafa musu firimiya da firayim minista da gwamna, su faɗa musu sunan malamin Larabci, su kuma tsaya tare da su a yi masa Fatiha. Allah ya jiƙan Wali Bello, ya kyautata makwancinsa.